Dajin Sarauta a Tsakiyar Wagadugu

 Gaisuwa ta musamman ga mutanen unguwar Zongo ta nan Wagadugu, iyaye da 'yan'uwa, na cikin gida da na bakin sana'a. Shirin yau a kan lambunan sarakuna ne. Za mu leƙa birnin Faris mu ga nasu. Amma galibin lokacinmu a nan gida za mu ci shi, domin Wagadugu ma tana da nata dajin sarauta, kuma da yawa daga cikin masu jin muryar nan ba su taɓa taka ƙafa cikinsa ba. Sunansa Bangr-Weoogo. A riƙe sunan da kyau, za a yi ta jin sa: Bangr-Weoogo.

Bari mu fara da inda yake.

Wanda ya taso daga Zongo, a yammacin gari, sai ya yi doguwar tafiya cikin Wagadugu kafin ya isa. Ya wuce Pissy, ya wuce Gounghin, ya kutsa tsakiyar gari, ya nufi babban asibitin Yalgado Ouédraogo. To dab da asibitin nan dajin ya soma. Jami'ar Joseph Ki-Zerbo na kusa da shi, madatsar ruwa ta uku, wadda kowa ke ce wa baraj, tana gefensa. Faɗinsa hekta 260 da 'yan kai. Hekta ɗaya fili ne mai tsawon mita 100 da faɗin mita 100. In aka yanka dajin nan filayen ƙwallo, za a fitar da fiye da 350. Kuma duk wannan a cikin gari yake, motoci da babura na kewaya shi dare da rana.

Tambaya ta gaba: na wane ne?

Tun kafin Bature ya zo, dajin yana hannun sarakunan Mosawa. Ba gona ba ce, ba kuma makiyaya ba. Wuri ne mai alfarma a wajensu. A cikinsa ake kai matasa a horar da su kafin su shiga sahun manya, wanda kuma ke gudun wata fitina yakan fake a can. Wurin da aka ba irin wannan girma, gatari ba ya shigarsa yadda ya ga dama. Fataken Hausa da ke bin hanyar goro daga Kano da Katsina zuwa Gwanja sun ratsa ƙasar Mosawa shekara da shekaru, wasunsu suka yada zango a Wagadugu har suka kafa unguwarsu ta Zangouettin. Bafatake ya san ka'idar baƙunci. A garin mutane akwai itacen da za ka ɗaure jakinka a gindinsa, akwai kuma wanda ko reshensa ba ka taɓawa.

A shekarar 1896 sojojin Faransa ƙarƙashin Voulet suka shiga Wagadugu. Sarkin Mosawa, Moro Naba Wobgo, bai miƙa wuya ba, ya fice ya yi kudu. A 1897 Turawa suka ɗora ɗan'uwansa Sigiri a kan gadon. Daga nan ikon ƙasa ya koma wani hannu, har da ikon itatuwa. Ranar 4 ga Yuli 1935 Faransa ta fitar da dokar daji wadda ta hau kan dukan ƙasashen da take mulka a Afirka ta Yamma. Dokar ta ba gwamnati damar shata wa daji iyaka, ta ce daga yau ba sara, ba noma, ba farauta sai da izini. Wato abin da muka sani da gandun daji. A cikin waɗannan shekaru na 1930 aka mayar da dajin sarakunan Mosawa gandun gwamnati.

A nan sai a yi adalci ga tarihi. Turawan ba su damu da alfarmar da wurin ke da ita a idon masu shi ba, karɓa kawai suka yi. Wannan gaskiya ce. Amma iyakar da suka shata ita ta tsaya tsakanin dajin da masu neman filin gini a shekarun da suka biyo baya, lokacin da gari ya yi ta bunƙasa. Wannan ma gaskiya ce.

Suka kuma laƙaba masa suna irin na gidansu. Suka riƙa ce masa Bois de Boulogne, sunan wani daji da ke yammacin Faris. Dattawan Wagadugu da dama har yau ba su manta da wannan laƙabi ba. To tun da an ambaci mai asalin sunan, jama'a, mu je mu gan shi. Kashi na biyu ke nan: lambunan sarakuna a Faris.

Shi Bois de Boulogne na Faris, asalinsa dajin farautar sarakunan Faransa ne. Sarki da fadawansa ke shiga da dawaki da karnuka suna korar barewa. A 1852 Napoleon na Uku ya miƙa shi ga hukumar birnin. Aka haƙa tafkuna, aka fitar da hanyoyi, aka dasa itatuwa masu ɗimbin yawa, aka buɗe wa kowa. Faɗinsa hekta 845, ya ninka na Wagadugu sau uku da ɗoriya.

Amma baƙon da ya sauka a Faris yana son ganin lambun sarauta na ainihi, tsakiyar gari ake kai shi, wurin da ake kira Tuileries. Sarauniya Catherine de Médicis ce ta sa aka fara shi a 1564, a gefen sabuwar fadar da take ginawa. Bayan shekara ɗari, a 1664, aka damƙa shi ga André Le Nôtre, gwanin tsara lambu na Sarki Louis na 14. Shi ya ba wurin kamannin da ake gani yau: hanyoyi miƙaƙƙu, itatuwa a jere sahu-sahu an aske musu kai daidai wa daida, da manyan kwatarniyoyin ruwa a tsakiya. Da aka gama gyaran, babban wazirin sarki, Colbert, ya so a rufe ƙofa, kada talakawa su ɓata wurin. Wani ma'aikacinsa, Charles Perrault, wanda daga baya ya shahara da rubuta tatsuniyoyi, shi ya lallashe shi. Aka bar ƙofar a buɗe.

Ku ji abin da ya faru daga baya. A 1871, lokacin tarzomar da aka yi a Faris, aka cinna wa fadar wuta. Ta ƙone, aka kuma rushe kangon bayan 'yan shekaru. Fadar ta tafi. Sarautar ma ta tafi. Lambun yana nan. Yau ba a biyan ko sisi a ƙofarsa. Akwai kujerun ƙarfe kore, mutum ya ja ɗaya zuwa inda yake so ya zauna. Ma'aikata na cin abincin rana a kai, tsofaffi na karanta jarida, yara na tura 'yan jiragen ruwa na wasa da sanda a cikin kwatarniya. A wasannin Olamfik na 2024 ma a nan aka ajiye wutar gasar. Duk faɗin wurin kuwa kimanin hekta 25 ne. Wato namu na Wagadugu ya yi goman sa.

Akwai wani lambun sarki kuma da ya kamata masu maganin gargajiya su ji labarinsa. A 1635, zamanin Louis na 13, aka kafa shi a Faris don shuka itatuwa da ciyayin magani, bisa shawarar likitan sarki, Guy de La Brosse. Ana koyar da ilimin tsirrai a ciki kyauta, kuma da harshen da mutanen gari ke ji, ba da Latin na manyan malamai ba. Yanzu sunansa Jardin des Plantes. A nan aka ajiye raƙumar dawa da Muhammadu Ali na Masar ya aika wa sarkin Faransa kyauta. Jirgin ruwa ya sauke ta a Marseille, a 1827 ta tako da ƙafarta har Faris, tafiyar sama da kilomita 800, garuruwa na fitowa kallo a bakin hanya. Ta rayu a lambun har 1845.

Kada kuma a ɗauka duk tarihin lambunan nan furanni ne da ƙamshi. A cikin Bois de Boulogne ɗin nan akwai wani sashe da ake kira Jardin d'Acclimatation. Daga 1877 aka riƙa kawo mutane daga ƙasashen nesa ana baje su a bayan shinge, 'yan kallo na biyan kuɗi. An kai Asantawa a 1887. An kai mutanen Dahome a 1891. Ɗan Afirka da ya je yawon buɗe ido a can, ya kyautu ya san wannan kafin ya ɗaga waya ya ɗauki hoto.

Masu saurare, abin da ya haɗa Bois de Boulogne da dajinmu na Wagadugu shi ne kowannensu ya fita daga hannun sarki ya koma hannun gari. A Faris, 1852. A Wagadugu, watan Janairu na 2001, zamanin da Simon Compaoré ke magajin gari. A lokacin ne gwamnati ta miƙa gandun ga hukumar birni, aka kuma raɗa masa suna da harshen More na Mosawa, Bangr-Weoogo, ma'ana dajin ilimi. A sake ji: tun 2001 dajin nan na birnin Wagadugu ne. Mutumin Zongo kuwa ɗan birnin Wagadugu ne. Wanda ke ɗari-ɗari don ya ji an ce dā wurin al'adun gargajiya ne, ya kwantar da hankalinsa. Abin da zai tarar yau shi ne ƙofa, da mai sayar da tikiti, da hanyoyin tafiya a ƙasa, da bencina.

Yanzu sai kashi na uku: me mutum zai gani in ya shiga?

A ce wani tela ne daga Zongo, ran Lahadi ya rufe shago, ya ɗebi 'ya'yansa. Ya biya ɗan kuɗin shiga. Abin da zai fara lura da shi, ƙarar gari ta ragu. Taku kaɗan, hon ɗin babura ya koma can nesa, sai kukan kurciya. Abu na biyu, iskar ta canza. Za mu dawo kan dalilin wannan.

Sai itatuwa. A nan ne ziyarar ke zama makaranta. Yaron da aka haifa a Zongo ya san daddawa, kullum yana jin ƙamshinta a miya. A tambaye shi ina ɗorawa, sai ya yi shiru. Ya san man kaɗe, uwarsa na shafa masa da hunturu, amma bai taɓa tsayawa a gindin kaɗanya ba. Ya sha kunun tsamiya, ya ci tuwo da miyar kuka. A Bangr-Weoogo uban zai iya kama hannunsa ya ce masa, ka ga wannan, ita ce tsamiya, dubi 'yan ƙananan ganyenta. Waccan mai ƙaton ciki ita ce kuka. Wancan dogon mai duhun ganye shi ne maɗaci, wanda kakarka ke jiƙa ɓawonsa in ciki ya ɓaci. Darasin da malamin makaranta zai yi mako yana zanawa a allo, uba zai gama shi da safiya ɗaya. Gani ya kori ji.

A ɗaga kai sama kuma. A wasu watanni na shekara, rassan manyan itatuwan cike suke da jemagu, sun rataye kai ƙasa, dubbai. Da magariba su tashi gaba ɗaya su bazu neman 'ya'yan itace. Mutane da yawa ƙyamar su suke yi, amma aikinsu babba ne. Jemage ya ci ɗan itace a nan, ya je can nesa ya yar da ƙwallon, wani itacen ya tsiro. Masu bincike da suka bi sawun irin waɗannan jemagu a Ankara ta ƙasar Gana sun gano suna iya kai iri har nisan kilomita 75. Ba hukumar da ke biyan su, ba mai ba su man fetur. Sai dai a kalle su daga nesa. Ba a kama su, ba a ɗaukar wanda ya faɗo ƙasa, domin jemage na iya ɗauke da cuta.

Akwai sashen namun daji a killace, akwai ɗan gidan tarihi mai nuna dabbobin ƙasar nan, akwai wurin wasan yara. Akwai kuma kadoji. Wannan, iyaye, a saurara da kyau. Kadojin Bangr-Weoogo ba duka ke cikin keji ba. Suna cikin ruwan dajin, sukan fito gaɓa su sha hantsi, su yi lamo ba motsi. Kada a bar yaro ya matsa bakin ruwa. Kada a jefe su da dutse don a ga ko suna da rai. Suna da rai. A sake faɗa: yaro da bakin ruwa, a'a.

Da sassafe masu motsa jiki ne ke cika hanyoyin, wasu na gudu, wasu na tafiya da sauri saboda likita ya ce hawan jini ko ciwon suga. In jarrabawa ta matso, ɗaliban jami'a ne a ƙarƙashin itatuwa, kowa da littafinsa yana kai da kawowa. Ƙarshen mako kuma ango da amarya da masu ɗaukar hoto.

Ga wata shawara ga mai son ya haɗa tarihin duka a rana ɗaya. Ya zaɓi Juma'a. Da misalin ƙarfe 7 na safe, a ƙofar fadar Moro Naba, ana yin bikin da aka gada tun kaka da kakanni. Sarki ya fito cikin jajayen kaya, doki na ɗaure da sirdi, alamar zai tafi yaƙi. Manyan fadawa su zo su faɗi, su roƙe shi ya zauna. Ya koma ciki, ya sake fitowa cikin fararen kaya, alamar ya haƙura. A buga bindiga, taro ya watse. Abin ba ya daɗewa, kuma ba a ɗaukar hoto. Mai riƙe da sarautar yanzu shi ne Moro Naba Baongo na Biyu, wanda ya hau gado a 1982, kuma 'yan ƙasa ba su manta da rawar sulhun da ya taka ba lokacin juyin mulkin watan Satumba na 2015. Daga fada mutum ya wuce dajin, ya sha iska, ya fito da sauran lokacin shirin masallaci.

Jama'a, wanda ya kunna rediyonsa yanzu, muna magana ne a kan Bangr-Weoogo, tsohon dajin sarakunan Mosawa da ke tsakiyar Wagadugu. Mun iso kashi na huɗu, kuma shi ne zuciyar shirin: wane aiki dajin nan ke yi wa gari, har ga wanda bai taɓa zuwa ba?

Aiki biyu ne. Zafi da ruwa.

Mu ɗauki zafi. Kowa ya san Wagadugu a watan Maris da Afrilu da Mayu. Ma'aunin zafi ya haura 40. Kwanon rufi ya ɗau wuta, kwalta ta ɗau wuta, bangon siminti ya sha rana tun safe, da dare ya riƙa amayar da ita. Shi ya sa a Zongo ake fitar da tabarmi tsakar gida, ɗaki ba ya kwantuwa. Masana suna kiran wannan tsibirin zafi, wato gari ya fi ƙauyukan da ke kewaye da shi zafi saboda gine-ginensa na riƙe rana. Itace yana yaƙar wannan ta hanya biyu. Ta farko inuwa, kowa ya san ta. Ta biyun ba a ganin ta da ido. Saiwa na jawo ruwa daga ƙasa, ruwan ya hau har ganye, ya fita ta wasu 'yan ƙofofi ƙanana ya bi iska. Ruwa kuwa in zai zama tururi, sai ya ɗebi zafi ya tafi da shi. Uwar gida ta san wannan ilimi tun kafin masana su ba shi suna: shi ne sirrin randa, wadda jikinta ke tsatsafo, ruwan cikinta ya yi sanyi ba tare da lantarki ba. To a lissafa itatuwan hekta 260 suna wannan aiki a lokaci guda. Dalilin canjin iskar da telan nan ya ji a ƙofa ke nan.

Sai ruwa. A nan ne hanya ta haɗa Zongo da dajin, ko da mutum bai sani ba. Ruwan saman da ke sauka a yammacin gari, wajen Boulmiougou, gabas yake gangarawa. Ya shiga baraj ta ɗaya, ya zarce ta biyu, ya zarce ta uku. In ta uku ta cika ta tumbatsa, ta wajen dajin rarar ke bi. Magudanan wasu unguwanni, irin su Zogona da Wemtenga, su ma can suke zubawa. Daga nan ruwan ya faɗa rafin Massili, Massili ya kai shi Nakambe, Nakambe ya tsallaka da shi Gana har tafkin Volta. Daji irin wannan yana rage wa ruwa gudu. Ƙasar da ke da saiwoyi da ruɓaɓɓen ganye tana shan ruwa, siminti kuwa tunkuɗa shi gaba yake yi.

Wanda ya kai shekara 25 a garin nan ba ya bukatar a tuna masa ranar 1 ga Satumba 2009. Ruwa milimita 263 ya sauka cikin sa'o'i kaɗan, kusan kashi ɗaya cikin uku na abin da Wagadugu ke samu a shekara guda. Gidajen ƙasa suka narke. Mutum wajen dubu 150 suka rasa matsuguni. Asibitin Yalgado kansa ruwa ya shige shi, aka kwashe marasa lafiya. Ba wanda zai ce daji ya isa ya tare irin wannan ruwa. Amma a yi tunanin a ce hekta 260 ɗin nan ma an riga an cike su da gidaje da shaguna. Ina ruwan zai bi, kuma ta kan wa?

Saboda wannan aiki ne a 2019 aka sanya dajin tare da baraj ɗin nan uku cikin jerin Ramsar. Ramsar sunan wani gari ne a Iran. A can ƙasashen duniya suka sa hannu a 1971 kan yarjejeniyar kare fadamu da tafkuna da duk wuraren da ruwa ke kwanciya. Shiga jerin alkawari ne ƙasa ta ɗauka a gaban duniya cewa za ta kula da wurin. Alkawari ne, ba katanga ba.

Wannan ya kawo mu kashi na ƙarshe: abin da ke damun dajin.

Na ɗaya leda. Ruwan da muka bi sawunsa ɗazu ba shi kaɗai yake tafiya ba. Ledar ruwan sanyi da aka sha aka yar a kwata, baƙar ledar da aka ƙunso ƙosai, robar lemo, duk suna cikin ayarin. In damina ta wuce, sai a gan su sun maƙale a saiwoyi da rassan ƙasa. Burkina Faso ta kafa dokar hana ledar da ba ta ruɓewa tun 2014, amma duk wanda ya leƙa kwatar unguwarsu ya san tsakanin doka da aiki akwai tafiya. Ga kuma ruwan datti na gidaje da wuraren sana'a. Shi ke ciyar da ciyawar nan mai yaɗo da ke rufe fuskar baraj, ta hana kifi numfashi, ta hana masunta jefa taru.

Na biyu wuƙa. A duba maɗatan da ke bakin titunan Wagadugu, da yawansu an ɗaye musu jiki. Magani ake nema, kuma ba wanda ya ce maɗaci ba magani ba ne. Amma ga abin da ya kamata mai sassaƙe ya sani. Abincin da ganye ke haɗawa, ta ƙarƙashin ɓawo yake sauka zuwa saiwa. In aka ɗaye ɓawon aka kewaye gindin gaba ɗaya, an yanke hanyar. Itacen zai yi ta tsayuwa da ganyensa na ɗan lokaci, daga baya ya bushe a tsaye. Wanda zai ɗiba a inda aka halatta, ya ɗebi kaɗan ta gefe guda, ya bar sauran ya warke. A cikin Bangr-Weoogo kuwa ba a ɗiba sam.

Na uku, kuma mafi girma, yunwar fili. Lokacin samun 'yancin kai a 1960, mutanen Wagadugu ba su wuce dubu 60 ba. Ƙidayar 2019 ta samu sama da miliyan 2 da dubu 400. Hausawan garin nan sun fi kowa sanin abin da fili a tsakiyar birni ke jawowa. A 2003 aka rushe Zangouettin da unguwannin da ke maƙwabtaka da ita don aikin ZACA, wato sabuwar cibiyar kasuwanci da ofisoshi, aka mayar da mazaunanta bayan gari. Itatuwa ma sun ga irin wannan. A 1976 aka fara dasa wani zobe na itatuwa da zai kewaye Wagadugu, hekta wajen 2,100, don ya tare ƙura da iskar hunturu. Yau an ci wurare da yawa na zoben nan da gidaje da ramukan ɗibar ƙasa da juji. A 1985 gwamnatin Thomas Sankara ta shelanta yaƙi uku: da ƙona daji, da sakin dabbobi barkatai, da saran itace ba bisa ƙa'ida ba. Ta kuma kwaɗaitar da mutane su dasa itace a duk bikin aure da na suna.  Abin da ya tsare Bangr-Weoogo har yau shi ne doka, da ma'aikatan gandun daji, da idon jama'a. Na ukun nan shi ne ya fi rauni a wajenmu, domin wanda bai taɓa shiga wuri ba, ba zai ji zafi ba in an gutsure shi.

Akwai kuma maganar da ya kamata hukuma ta ji. Daji ɗaya a gabashin tsakiyar gari bai ishi mutum miliyan biyu da rabi ba. Matar da ke Zongo da 'ya'ya huɗu, kuɗin taksi zuwa da dawowa ya fi ƙarfin cefanenta. Faris ba ta tsaya a kan lambun sarki ɗaya ba, zamanin Napoleon na Ukun nan aka bi unguwanni ana yanka musu ƙananan wuraren shan iska. In an zo rabon filaye a unguwannin yamma, filin da aka ware don jama'a a bar shi na jama'a, a dasa masa itace, kada a wayi gari a ga an kafa shaguna a kai. Masu unguwa da limamai da ƙungiyoyin matasa suna da bakin magana a nan, kuma lokacin maganar shi ne kafin a kafa tubali, ba bayan an yi rufi ba.

Ku kuma iyaye, kafin zafi ya kankama, a samu safiya ɗaya a kai yara Bangr-Weoogo. A tafi da ruwan sha. A riƙe hannun ƙanana a bakin ruwa. Ledar da aka shiga da ita a fito da ita. Malaman makarantun boko da na Islamiyya na Zongo, ku ma kuna iya haɗa ɗalibanku ku nemi izinin kai su a ƙungiyance. Wanda ya je ya dawo, ya aiko mana da sunayen itatuwan da 'ya'yansa suka gane da kansu, za mu karanta a shiri na gaba.